Yaya ake auna ingancin amfani da makamashi na ƙasa guda?

Ɗalibar Tattali

Assalamu alaikum malamaina. Ina bincike kan alaƙar makamashi da bunƙasar tattalin arzikin Najeriya daga 1990 zuwa yau, kuma ina neman lamba ɗaya ta kowace shekara da za ta nuna ko ƙasar tana ƙara iya tattalin makamashi ko ɓarna ce ke ƙaruwa. Abin da na samu a rumbun alƙaluman Bankin Duniya shi ne wanda ake raba jimillar makamashin da ƙasa ta ci da GDP ɗinta, wato jimillar arzikin da take samarwa a shekara, amsa ta fito da megajul (ma'aunin makamashi) kan kowace dala. Da shi ne ma Majalisar Ɗinkin Duniya ke bibiyar muradi na 7.3 cikin muradun ci gaba mai ɗorewa.

Abu biyu ne suka tsaya mini. Da na jera ƙasashe sai na ga Ghana ta fi Kanada tattali nesa ba kusa ba, hankalina kuma bai kwanta da haka ba. Sannan ina so in san ko ya halatta in saka wannan lamba cikin lissafin rigireshan, wato lissafin gano alaƙar wani abu da wani, a matsayin inganci. In bai halatta ba, me zan saka, kuma ta yaya zan haɗa shi da alƙaluman da ake iya samu a nan gida? Allah ya saka da alheri.

Mai Ƙididdiga

Wa alaikumus salam Malama. Lambar da kika ɗauko gaskiya take faɗa, sai dai wata tambayar take amsawa. Tana gaya miki makamashi nawa aka ci kafin a samar da arzikin dala ɗaya. Inganci kuwa magana ce ta na'ura da aiki: tanderun siminti, mota, murhu, nawa kowanne ya ci kafin ya yi aikin da wani irinsa zai yi da ƙasa da haka. Kanada tana da sanyi mai tsanani, garuruwanta suna nesa da juna, tana tatsar mai daga yashi, tana narka alminiyum. Ko injinanta sun fi na kowa kyau, lambarta sai ta hau. Saboda haka ki kira abin da sunansa, cin makamashi kan kowace dala, sannan ki binciki saman lissafin da ƙasansa kafin ki yarda da shi.

Mu fara da ƙasan lissafin, wato GDP. Idan Najeriya kaɗai kike bi shekara bayan shekara, ki yi amfani da naira a tsayayyen farashi na shekara ɗaya, kada ki kusanci dalar kasuwa. A Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta, daga wajen 460 kan dala ta haura 1,500 a cikin 2024. Wanda ya raba makamashi da GDP na dalar kasuwa zai ga kamar ƙasar ta haukace da ɓarna a shekara guda, alhali ko ƙwan fitila ɗaya bai canza ba. Akasin haka ya faru a Afrilun 2014, lokacin da hukumar ƙididdiga ta NBS ta mayar da shekarar tushe daga 1990 zuwa 2010, ta shigar da harkar wayar salula da finafinai yadda ya kamata. GDP na 2013 ya tashi da kusan kashi 89 cikin ɗari, ya kai wajen dala biliyan 510. Wanda ya liƙa tsohon jeri da sabo zai ga cin makamashi ya faɗi da kusan rabi dare ɗaya. Ki nemi jerin da aka gyara har baya, ko ki haɗa su da kanki ta hanyar saurin bunƙasa na kowace shekara. Idan kuma ƙasashe kike gwadawa, sai dalar ƙarfin saye, PPP, kuma ki tsaya a zagaye ɗaya na ƙiyasin farashin, ko na 2017 ko na 2021, kada ki gauraya.

Saman lissafin ya fi rikici. Makamashi hawa-hawa ne: akwai ɗanye kamar yadda ya shigo ƙasa ko aka haƙo shi, akwai wanda ya isa hannun mai amfani bayan an sarrafa, akwai wanda ya zama aiki. Lambar Bankin Duniya ta ɗanye ce, kuma yadda ake ƙirga ɗanyen ya dogara da ƙa'idar da aka zaɓa. Hukumar makamashi ta duniya, IEA, tana ƙirga kilowat-awa ɗaya na wutar madatsar ruwa ko hasken rana a megajul 3.6 daidai. Na tashar nukiliya tana ɗaukar ingancinsa kashi 33 ne, sai ya zama kusan megajul 11. Na zafin ƙarƙashin ƙasa kashi 10 take ɗauka in ba a ba ta ainihin lamba ba, megajul 36 ke nan. Wannan na daga cikin dalilan da Faransa mai nukiliya ke fitowa da nauyi fiye da yadda take, Aisland mai amfani da zafin ƙarƙashin ƙasa kuma take can sama. A nan gida, shekarar da Kainji da Jebba da Shiroro suka sami ruwa sosai lambar za ta ɗan sauka, domin wutar ruwa ta maye gurbin ta gas.

Sai abubuwan da ke ciki da waɗanda ke waje. Man jiragen sama da na ruwa masu fita ƙetare ba ya cikin jimillar. Gas ɗin da ake ƙonawa a banza a rijiyoyin Neja Delta shi ma ba ya ciki, domin ba a lissafa shi cikin abin da aka samar, ga shi kuwa Najeriya tana cikin ƙasashe goma da suka fi ƙona shi. Wannan ɓarna ce tsantsa da ma'aunin bai gani, sai ki ɗauko ƙiyasin tauraron ɗan'adam na Bankin Duniya ki ajiye shi a gefe. Gas ɗin da ake mayarwa takin zamani kuwa yana ciki duk da ba ƙona shi aka yi ba, ki cire shi.

Iyakar ƙasa ma tana yaudara. Kafin a yanke layin a Agustan 2023, mafi yawan wutar Nijar daga Najeriya take zuwa. A littafin Nijar kowane kilowat-awa megajul 3.6 ne, asarar tashar da ta samar da shi kuma tana littafin Najeriya. Haka matatar Dangote mai ganga 650,000 a rana da ta fara aiki a 2024: man da a da ake tacewa a Turai yanzu ana tace shi a Legas, makamashin da matata ke ci wajen aikinta ya dawo kanmu. Lambar na iya hawa ba tare da kowa ya ƙara ɓarna ba.

Na ƙarshe ƙarami ne amma yana ɓata aiki. IEA tana amfani da ƙaramin ƙimar zafin mai, wanda ba ya ƙirga zafin da ke tafiya da tururi, hukumar EIA ta Amurka tana amfani da babba mai ƙirga shi. Bambancin ya kai kashi 10 a gas, wajen kashi 5 a mai da kwal. Ki zaɓi tushe ɗaya. 

Injiniyan Wuta

Malam ya yi bayani mai kyau. Ni zan tsaya kan wurare biyu da alƙaluman Najeriya suka fi rauni, domin duk lissafin da aka ɗora a kansu rauninsu zai gada.

Na farko itace. Kaso mafi tsoka na ɗanyen makamashin ƙasar nan itace ne da gawayi da kara, kuma babu mita a kansu. Yawanci ƙiyasi ake yi: a ɗauki abin da ake zaton mutum ɗaya yana ci a shekara, a ninka da yawan jama'a. Ma'anar haka ita ce babban ɓangare na jerinki yana bin ƙidayar mutane ne kawai, ba ya jin farashi, ba ya jin fasaha. Ki raba jerin gida biyu tun farko, ɗaya da itace ɗaya babu, ki duba ko labarinsu ɗaya ne. Sau da yawa ba ɗaya ba ne.

Ga yadda nauyin yake a tukunya. Busasshen itace yana ɗauke da wajen megajul 15 a kilo, ɗanye mai ruwa yana iya sauka zuwa 8. Murhun duwatsu uku yana kai kashi 10 zuwa 15 ne kawai na zafin ga tukunya, sauran iska ta kwashe. A ce ana son megajul 10 su shiga tukunya. A murhu mai kashi 12, sai an ƙona megajul 83, kilo biyar da rabi na itace ke nan. A kan gas ɗin girki mai kashi 55, megajul 18 sun isa, wato kilo 0.4, tunda kilo ɗaya yana da wajen 46. Gawayi ya fi ban mamaki. Kurfoti mai kashi 25 zai ci megajul 40, kilo 1.4 na gawayi, sai a ga kamar ya fi itace tattali. Amma mai ƙona gawayi a rami da rufin ƙasa yana cinye kilo 5 zuwa 10 na itace kafin ya fitar da kilo ɗaya. Idan muka ɗauki 7, girkin nan ya ci itace kusan kilo 10, megajul 147. Wanda ya auna a hannun mai girki zai ce an ci gaba, wanda ya auna daga daji zai ce an koma baya. Shi ya sa dole ki faɗi hawan da kike aunawa.

Binciken gidaje irin DHS da MICS suna tambayar babban abin da ake girki da shi, ba sa tambayar yawa. Gida kuwa yakan dafa shayin safe da indomi a kan gas, ya ɗora wake da tuwo da ganda a kan itace. Idan an rubuta shi a gidan gas, itacensa ya ɓace daga lissafi. Maganin shi ne awo. A zaɓi gidaje a birni da ƙauye, a je da sikelin rataye da na'urar gwada ɗanshin itace, a auna tarin itacen gidan da safe, a dawo gobe a auna abin da ya rage, kwana uku a jere, a rubuta mutum nawa suka ci abinci. A maimaita da damina da kuma lokacin hunturu, domin da sanyi ana jin ɗumi ana dafa ruwan wanka. Kada a ƙirga da dami, damin wannan kasuwa ba na waccan ba ne.

Na biyu janareta. Wutar da layin ƙasa ke rabawa tana yawo tsakanin megawat 4,000 da 5,000 ga mutane sama da miliyan 200, sauran buƙata inji ne ke ɗauka. Mai walda, mai aski, mai sayar da ƙanƙara, duk a jarka suke sayen mai a gidan mai, kuma a teburin makamashi wannan man yakan faɗa layin sufurin hanya. Sakamakon shi ne motocin ƙasar su fito kamar sun fi na kowa shan mai, ƙananan sana'o'i kuma su fito kamar da iska suke aiki. Ki yi ƙiyasi ki mayar da man inda aka ƙona shi. Litar fetur tana da wajen megajul 32, ƙaramin janareta mai ingancin kashi 15 zai ba da kilowat-awa 1.3 daga gare ta. Litar dizal tana da wajen 36, babban injin masana'anta mai kashi 33 zai ba da 3.3, amma in yana tafiya da kaya kaɗan ingancin yana faɗuwa ƙwarai.

A kula da rahotannin NERC, hukumar da ke sa ido kan harkar wutar lantarki, su ma. Asarar da suke bugawa ta kamfanonin rarraba wuta ta haɗa abu uku: wadda ta tafi a zafin waya da taransifoma, wadda aka sata ko ba a yi mata mita ba, da kuɗin da ba a karɓo ba. Ta farkon ce kaɗai makamashin da ya salwanta. Wutar da aka ja ta bayan mita ta kunna fanka a ɗakin wani, ta yi aiki.

Sai fasa-ƙwauri. Kafin cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, man da ke fita daga defo-defo ya haura lita miliyan 60 a rana, bayan nan ya sauka ƙasa da miliyan 50. Wani ɓangare na tsohon adadin a Maraɗi da Kwatano da Garwa aka ƙona shi, 'yan bumburutun can suka sayar. Kada ki rubuta wannan saukar a matsayin inganci.

Ɗalibar Tattali

Na gode ƙwarai malamai, idona ya buɗe. To idan na gyara GDP, na ware itace, na mayar da man janareta wurinsa, har yanzu lambar za ta motsa in masana'antu suka ragu harkokin hidima suka ƙaru. Ta yaya zan tsame wannan in bar inganci shi kaɗai?

Hajiya Mai Tsare-tsare

Ƙanwata, nan ne ake warware canjin gida uku: girman tattalin arziki, fasalinsa, da cin kowane sashe. Hanyar da aka fi bi ita ce LMDI, wadda Farfesa B. W. Ang na jami'ar ƙasa ta Singafo ya yaɗa. An fi son ta saboda ba ta barin ragowar da ba a san inda za a kai ba, saɓanin tsohuwar hanyar Laspeyres. Bari in nuna miki da lambobin misali da na ƙirƙira don koyarwa kawai.

Ƙasa mai sassa biyu. A shekarar farko GDP 100 ne. Masana'antu suna da 40, suna cin 10 kan kowane ɗaya, jimilla 400. Hidima tana da 60, tana cin 2, jimilla 120. Duka 520, cin makamashin ƙasa 5.2. A shekarar ƙarshe GDP ya zama 120. Masana'antu 36 ne, wato kashi 30, cinsu ya sauka zuwa 9.5, jimilla 342. Hidima 84, wato kashi 70, cinta yana nan 2, jimilla 168. Duka 510, cin ƙasa 4.25. Mai kallon lamba ɗaya zai yi shelar an inganta da kashi 18.

Yanzu ki nemo ma'aunin nauyi na kowane sashe: bambancin makamashin ƙarshe da na farko, a raba da ln, wato logaritim ɗin da ke kan kalkuleta, na rabonsu. Masana'antu, 342 a cire 400, a raba da ln na 0.855, ya ba da 370.2. Hidima, 48 a raba da ln na 1.4, ya ba da 142.7. Tasirin girma shi ne jimillar nauyin biyu, 512.9, sau ln na 1.2, wato ƙarin 93.5. Tasirin fasali shi ne 370.2 sau ln na 30 bisa 40, wato 0.75, a haɗa da 142.7 sau ln na 70 bisa 60, wato ragin 84.5. Tasirin cin sashe shi ne 370.2 sau ln na 0.95, ragin 19, hidima kuma sifili. Ki haɗa ukun, za ki sami ragin 10 cif, daidai da 520 zuwa 510. Abin da za a iya kira inganci 19 ne cikin 520, bai kai kashi 4 ba. Sauran duk ƙaura ce daga masana'anta zuwa ofis da kanti.

A Excel ma za ki iya. Ki yi lissafin shekara da mai bi mata, ki tara, ya fi ki tsallaka daga 1990 zuwa ƙarshe kai tsaye. In wani gurbi sifili ne, ln ba zai fita ba, sai ki sa lamba ƙanƙanuwa ƙwarai a madadinsa.

Inda ake tuntuɓe guda uku ne. Sassan NBS da sassan teburin makamashi ba su dace da juna kai tsaye ba, sai kin zauna kin haɗa su da hannu, kin rubuta yadda kika yi. Gidaje ba su da kaso a GDP, don haka ki fitar da su ki raba makamashinsu da yawan gidaje ko yawan mutane. Na ukun ya fi muhimmanci: abin da ya fito inganci a sassa biyu yana iya zama fasali in kika tsaga su ashirin. In masaƙu suka rufe, kamar yadda aka gani a Kaduna da Kano, kamfanonin siminti kuma suka bunƙasa, cin sashen masana'antu zai hau ko da kowane tanderu sabo ne fil.

Saboda haka duk inda za ki iya, ki bar naira ki koma ga tan da kilomita. Siminti ne wuri mafi sauƙin farawa, domin masana'antun kaɗan ne, irin su Obajana da Ashaka da Sakkwato, kuma kamfanonin suna kasuwar hannun jari suna buga rahoton shekara. Tanderun zamani mai busasshiyar hanya yana cin gigajul 3 zuwa 3.5 (gigajul ɗaya megajul dubu ne) kan tan ɗaya na kilinka, wato ƙonannen dunƙulen da ake niƙawa ya zama siminti, tsohon mai jiƙaƙƙiyar hanya yana kai 5 zuwa 6. Ki raba da kilinka, kada ki raba da siminti, domin ƙara farar ƙasa a wajen niƙa yana rage lambar ba tare da tanderun ya canza ba. Wutar lantarki kuwa a kan tan na siminti ake aunata, wajen kilowat-awa 100. A sufuri ana neman lita kan fasinja da kilomita, ko kan tan da kilomita. In kin samu na sassa da dama, ki ba kowanne nauyi gwargwadon kasonsa a makamashin ƙasa ki haɗa. Haka Tarayyar Turai ke gina ma'auninta na ODEX.

Ki lura da shekarun karayar arziki kamar 2016 da 2020. Tanderun da ake kashewa ana kunnawa, ko injin da ke aiki da rabin kaya, yana cin ƙari kan kowane tan. Matsakaicin shekaru uku yana rage wannan tsalle. Zafi ma haka: shekarar da bazara ta tsananta, fanka da na'urar sanyaya ɗaki sun fi ci. Ana gyarawa da tara yawan digirin da matsakaicin zafin kowace rana ya ɗara 18, kodayake ga Kano ko Sakkwato ya fi dacewa a ɗaga mizanin sama da haka.

Baba Malami

'Yata, ki riƙe abin da Hajiya ta koya miki, amma tambayarki ta rigireshan ba a amsa ta ba tukuna, kuma amsar ita ce a'a. In bunƙasar GDP ce a hagun lissafin, makamashi bisa GDP kuma a damansa, GDP ya zauna a ɓangarorin biyu. Duk kuskuren awo ko girgizar da ta ɗaga shi za ta sauke ɗayan da kanta, ki sami alaƙa mai ƙarfi wadda lissafi ne ya haife ta. Ki ƙara da abin da Injiniya ya faɗa, cewa itacen jerin daga ƙidayar jama'a aka samo shi. Takardu da yawa da ke cewa makamashi ne ke jan arziki a ƙasashen Afirka suna tsaye ne a kan shekaru talatin na irin waɗannan alƙaluma, kuma wannan yana damuna, domin ana ɗaukar sakamakonsu a kai wa masu tsara manufa.

Masana tattalin arziki suna da wata hanya. Massimo Filippini da Lester Hunt, a aikinsu na 2011 kan ƙasashen OECD, ƙungiyar da yawancin ƙasashenta masu arziki ne, sun ƙiyasta buƙatar makamashi daga kuɗin shiga, farashi, yawan jama'a, faɗin ƙasa, yanayi da fasalin tattalin arziki, suka zana iyakar mafi ƙarancin abin da ƙasa mai irin wannan hali za ta iya ci. Nisan kowace ƙasa daga iyakar shi ne rashin ingancinta. Sun nuna cewa jerin ƙasashe ta wannan hanya ba koyaushe yake dacewa da jerin cin makamashi kan dala ba. Hu da Wang kuma a 2006 sun bi hanyar DEA, wadda ke gwada kowa da waɗanda suka fi kowa ƙwazo a cikin jerin, kan lardunan Sin, suka sa jari da ma'aikata tare da makamashi, saboda ana iya rage makamashi ta hanyar ƙara hannaye ko ƙara injina.

Duka biyun suna buƙatar ƙasashe ko larduna da yawa, jimillar ƙasa ɗaya ba ta isa a zana iyaka. Kuma akwai tarkon da ya shafe mu kai tsaye. Ɗan Najeriya a matsakaici ba ya samun kilowat-awa 200 na wutar layi a shekara. Lissafin zai ga ƙasa mai cin kaɗan ya ɗora ta a kan iyaka, ya ce ita ce gwana, alhali rashi ne. Dole ki saka kason masu samun wuta da yawan ɗaukewarta, binciken kamfanoni na Bankin Duniya yana da na biyun. Ki gwada Najeriya da takwarorinta irin Ghana da Kenya da Pakistan. DEA kuma duk kuskuren alƙaluma rashin inganci take ɗaukarsa, don haka da irin bayananmu na fi karkata ga hanyar Filippini da Hunt.

Inda na ɗan saɓa da Hajiya shi ne kiran tasirin cin sashe inganci. Bayan tashin farashin mai a 2023, mutumin da ya ajiye motarsa ya hau haya ya rage ci, mai shagon da ya rage awannin janareta ma ya rage, amma ɗaya sauya hanya ya yi, ɗaya haƙura ya yi da wani ɓangare na cinikinsa. Lissafin walwalar jama'a ba zai ɗauke su ɗaya da wanda ya sayi firji mai cin wuta kaɗan ba. Sai kin saka farashin gaske, wanda aka cire masa hauhawa, kafin ki rarrabe su.

Ki kuma tuna da abin da William Stanley Jevons ya lura da shi a 1865 game da kwal a Ingila: injin tururi da ya ƙara inganci bai rage cin kwal ba, ya faɗaɗa amfani da shi. Inda buƙata take a danne kamar nan, wannan ya fi ƙarfi. Gidan da ya koma ƙwan LED yakan ƙara ƙwai a tsakar gida da ƙofar waje. Alheri ne ga gidan, amma kada ki ɗauki tattalin da injiniya ya lissafa ki cire shi gaba ɗaya daga hasashen buƙatar ƙasa.

Injiniyan Wuta

Na yarda da Baba kan batun farashi. Ƙari ɗaya ga shekarun baya-bayan nan na jerinki, Malama: sola. Shagon da ya ajiye ƙaramin janareta ya ɗora faifan sola a rufi ya daina sayen fetur ɗin megajul 24 kan kowane kilowat-awa. In an ƙirga wutar solar, megajul 3.6 za ta shiga a madadinsa. Amma ba ta bi ta mitar kowa ba, don haka galibi sifili ke shiga. Saukar gaskiya ce, sai dai alƙaluma za su nuna ta fi yadda take, kuma kuskuren zai riƙa girma kowace shekara.

Ki nemo bayanan shigo da faifan sola daga kwastan, ko daga ɓangaren ƙasashen da ke sayar mana, musamman Sin. Ki mayar da su kilowat, ki tara na shekarun baya, ki rage kaɗan saboda tsufa da waɗanda ke ajiye a sito ko aka wuce da su ƙasashen maƙwabta. A arewa kilowat ɗaya na faifai yana iya ba da wajen kilowat-awa 1,600 a shekara in ana goge ƙura, a kudu ƙasa da haka. Na gida mai batir ba ya amfani da duk abin da faifan zai iya bayarwa, da zarar batir ya cika da rana sauran ya tafi, don haka ki ba da ƙiyasi biyu, na sama da na ƙasa, ki gudanar da lissafinki da kowanne.